Hausa da Lissafin Einstein: Abin da Na Gani a Littafin Wani Ba'iraniye

Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, da hantsi, rana ta kisfe a Gusau. Wanda duk yake garin a ranar ba zai manta ba. Haske ya riƙa dusashewa kamar fitilar da kananzir ya ƙare mata, iska ta yi sanyi, kaji suka nufi akurki, can sai duhu ya rufe gari gaba ɗaya fiye da minti uku har Zara ta fito sarai a sama. Aka cika masallatai ana sallar husufi. Ina ɗalibin sakandare lokacin, kaina cike da abin da malamin kimiyya ya gaya mana, don haka da na dawo gida na zauna zan yi wa Inna bayanin abin da ya faru. Na fara lafiya lau, cewa wata ne ya shiga tsakaninmu da rana. Daga nan Hausa ta ƙare mini, na koma cusa Turanci kalma bayan kalma. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗan nan, in ba ka iya hwaɗinai da Hausa, to kai ma ba ka gane shi ba."

Yau shekaru da yawa ke nan ina zaune a Tulus, kudancin Faransa, ina aikin bincike a fannin fiziks, wato kimiyyar motsi da haske da makamantansu, kuma maganar nan tata ba ta bar ni ba. Abin da ya sake tayar mini da ita wani abokin aikina ne, mutumin Isfahan ta ƙasar Iran, wanda teburinsa ke kusa da nawa. Wata rana ya bar littafin rubutunsa a buɗe, na kai ido sai na ga kamar ajami. Na matsa kusa, sai ga ni ina karantawa. Nur. Zaman. Harakat. Sur'at. Ni da ban taɓa koyon Farisanci ba, karatun allo da na zaure da na yi a gida ya ishe ni in gane cewa mutumin nan yana maganar haske, da lokaci, da motsi, da sauri. A saman shafin ya rubuta kalma guda da manyan baƙaƙe: nisbiyyat. Sunan ka'idar Einstein, shahararren masanin fiziks, ke nan a harshensu. Ya gaya mini cewa tun daga firamare har ya gama digirinsa na farko da Farisanci aka koya masa kimiyya. Turanci da Faransanci daga baya ya ƙara su, lokacin da ya riga ya san abin da ake magana a kai.

Na daɗe ina kallon shafin nan. Tushen kalmar nisbiyyat shi ne na kalmarmu ta nasaba. Rijiyar da suka ɗebo daga ciki, wato Larabci, mu ma a bakinta muke zaune shekaru ɗaruruwa, da gugarmu a hannu.

Bari in faɗi abin da ka'idar take cewa, da Hausa, don kada in sake maimaita laifin 2006. A 1905 Einstein ya nuna cewa gudun haske ɗaya ne ga kowa, kusan kilomita 300,000 a kowane sakan, ko kana tsaye ko kana gudu. Idan kuwa gudun haske ba ya canzawa, dole wani abu ya canza, kuma abin da ke canzawa shi ne tsawon lokaci da tsawon tazara. Dattawanmu sun san jirgin ƙasan da ke tashi daga Zariya ya bi ta Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda, inda dogo ya ƙare tun 1929. A ce mutum yana cikin jirgin nan yana tafiya sumul, ya jefa goro sama ya cafe. A wurinsa goron sama ya yi ya dawo. A wurin manomin da ke tsaye a gona yana kallo ta taga, goron ya yi tafiya mai lanƙwasa, ya yi gaba tare da jirgin. Dukansu gaskiya suka gani. Wannan an san shi tun kafin Einstein. Sabon abin da ya kawo shi ne, idan haske aka harba maimakon goro, agogon na cikin jirgi da agogon manomi ba za su yi daidai ba. A gudun jirgin Ƙaura bambancin bai kai a auna ba, amma yana nan. Sai a 1915 ya faɗaɗa ka'idar ta haɗa da ƙarfin da ke jan abu ƙasa, ya ce abu mai girma kamar rana lanƙwasa sarari da lokaci yake yi a kewayensa, shi ya sa har haske yake karkacewa idan ya zo giftawa. Husufi ne ya ba da damar gwada wannan. Ranar 29 ga Mayu 1919 masanin taurari Arthur Eddington ya ɗauki hotunan taurarin da ke kusa da rana daga tsibirin Principe, can cikin teku kudu da Najeriya, wasu kuma suka ɗauka daga Sobral ta Brazil. Karkacewar da Einstein ya lissafa ba ta kai kashi ɗaya cikin 2,000 na digiri guda na kusurwa ba, kuma awon ya goyi bayansa.

To ga inda sunaye suke da muhimmanci. Ka'idar 1905 da ta 1915 kowace da sunanta. Na sha ganin masu rubutun Hausa a intanet suna kiran ta farko "ka'idar dangantaka ta musamman", kuma duk lokacin da na gani sai raina ya sosu, domin an bi Turanci ido rufe an faɗa rami biyu a jimla ɗaya. Bahaushe in ya ji dangantaka, zumunci yake ji, ɗan wa da ɗan ƙane, ko hulɗar ƙasa da ƙasa. In kuma ya ji "ta musamman", babban baƙo yake ji, wanda ake shimfiɗa wa darduma. Sai ɗalibi ya ɗauka ta 1905 ita ce babba. Alhali ita ce ƙarama, wadda ba ta aiki sai inda za a iya kau da kai daga jan da manyan abubuwa ke yi. Faransawa sun faɗi gaskiyar lamarin a cikin sunan, suka ce relativité restreinte, wato taƙaitacciya, wadda aka yi wa iyaka, ta biyun kuma générale. Iraniyawa suka ce nisbiyyat-e khas da nisbiyyat-e am. Duk almajirin da ya zauna gaban malami a zaure ya yi usulul fiƙhu ya san ammu da hassu, ya san hukuncin da ya game kowa da wanda aka keɓe. Ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ni a ganina mu ce nisbiyya taƙaitacciya da nisbiyya gama-gari, mu huta. Kalmar nisbiyya baƙuwa ce a kunne, na yarda, amma baƙuncinta alheri ne: tana sa yaro ya tsaya ya tambaya, maimakon ya ɗauka ya riga ya gane.

Akwai ma wani abu da ba kowa ya sani ba. Takardar Einstein ta 1905 ba ta ɗauke da wannan suna a kanta, kan motsin abubuwa da lantarki ta yi take. Wani masanin fiziks, Max Planck, shi ne ya fara laƙaba wa ka'idar sunan a 1906, kuma shi Einstein daga baya ya yarda cewa sunan da ke nuna abin da ba ya canzawa zai fi dacewa da hanyar aikin. Sunan ya jawo ɓarna a Turai, har mutane suka riƙa cewa wai Einstein ya tabbatar babu gaskiya ɗaya, komai ya danganta da mai kallo. Mu da muke zuwa daga baya muna da damar da su ba su samu ba, mu zaɓi kalmar da ba za ta ɗauko mana wannan ruɗanin ba.

Ba duka kalmomin abokina ne daga Larabci ba, kuma nan ne suka fi burge ni. Abin nan na sararin sama da ke haɗiye komai har haske, Faransawa suna ce masa trou noir, baƙin rami. Iraniyawa suna cewa siyah-chale, kuma siyah-chal a harshensu tsohuwar kalma ce ta kurkukun ƙarƙashin ƙasa, mai duhu, wanda in an jefa mutum ba ya fitowa. Farkon fashewar da duniya ta faro daga gare ta suna ce mata mahbang, babbar ƙara. Tarin taurari kuwa kahkeshan, daga kah, wato kara ko ciyawa busasshiya, da keshan, ja. Farin zanen nan da ke ratsa sama da dare in babu wata, su sun gan shi kamar hanyar da aka ja kara ya zube. Da ya gaya mini haka sai na tuna amalanken shanu da kaka, an ɗoro harawa daga gona, tana zuba a kan hanya har gida. Faransawa madara suka gani a wurin, suka ce Voie lactée. Kowa da abin da ke gabansa ya auna sama.

Mu fa? Mu ma ba baƙin sama ba ne. Muna da Zara matar wata, muna da Gamzaki mai fitowa da asuba, muna da Kaza da 'ya'yanta, muna da tauraruwa mai wutsiya. Kakana ba ya shuka sai ya tambayi liman wane tauraro ake ciki, domin malaman ƙasar Sakkwato da Zamfara sun daɗe suna riƙe da lissafin taurari 28, kusan kowanne da kwana 13, su Surayya da Dabaran da Haƙ'a da Han'a da Zira'a. Mutanen da suka iya riƙe wannan lissafi a ka, su daidaita shi da damina da ɗari da bazara, ba za a ce harshensu ya gaza ɗaukar ilmin sama ba. Baƙin rami ya riga ya shiga bakin 'yan jarida, ban ƙi shi ba. Amma a aji, in ina son yaro ya ji abin a jikinsa, rijiya gaba dubu zan ce masa. Iyakar nan da in abu ya tsallake ta ba ya dawowa, wadda Faransawa ke kira horizon des événements, Iraniyawa kuma ofoq-e ruydad, ita ce bakin rijiyar. Hoton farko na irin wannan rijiya da aka fitar ranar 10 ga Afrilu 2019, na wadda ke tsakiyar tarin taurarin M87, zobe ne na wuta da duhu a tsakiya. Duk wanda ya taɓa leƙa tsohuwar rijiya da rana tsaka zai gane hoton.

Inda muke da ainihin aiki ba a irin waɗannan sunaye masu daɗin ji ba ne. A ƙananan kalmomi ne, na yau da kullum. Ɗauki nauyi. Bafaranshe yana da masse da poids, Ba'iraniye yana da jerm da vazn, mu kuwa nauyi kawai. Buhun gero in aka kai shi duniyar wata, nauyinsa zai koma kashi ɗaya cikin shida na yadda yake a kasuwar Talata Mafara, amma ko ƙwaya ɗaya ba ta ragu ba. Wancan abin da bai ragu ba, shi ne m ɗin da ke cikin shahararren lissafin nan na Einstein, E=mc², kuma ba mu da sunansa. Rana tana mai da kimanin tan miliyan 4 na wannan abu zuwa haske da zafi a kowane sakan, amma ba zan iya faɗin jimlar nan daidai da Hausa ba sai na yi kewaye. Haka kalmar ƙarfi. Abin da Faransanci ya raba uku, force da puissance da énergie, Farisanci ma ya raba uku, niru da tavan da enerzhi, mu duk ƙarfi muke cewa, wani lokaci mu ce kuzari, wani lokaci makamashi, gwargwadon wanda ya fara zuwa baki. Har daƙiƙa ma ba mu daidaita a kanta ba. Na taɓa ce wa abokin nawa hasken rana yana ɗaukar daƙiƙa 500 kafin ya iso mu, ya zaro ido, domin a Farisanci da Larabci daƙiƙa minti ce. A wurinmu tsofaffin malamai minti suke nufi da ita, gidajen rediyo kuma sakan. Kimiyya ba ta yiwuwa da ma'aunin da yau mudu ne gobe tiya.

A lura da enerzhi ɗin nan. Daga Faransanci Iraniyawa suka aro ta, kamar yadda suka aro kalmomi da dama tun bayan da aka buɗe makarantar Darul Funun a Tehran a 1851, inda Faransanci ya zama harshen koyar da ilmin zamani. Ba su ji kunyar aro ba. Abin da suka yi shi ne, sun aro, sun lanƙwasa ta ta zauna a bakinsu, sun tsayar da ita wuri ɗaya a duk littattafan makaranta. Suna da hukumar da ke wannan aiki, Farhangestan, wadda aka fara kafawa a 1935. Faransawa nasu ya fi tsufa, majalisar harshensu tun 1635 take, kuma har yau akwai kwamitocin gwamnati da ke fitar da sababbin kalmomin kimiyya a jaridar hukuma. Kalmar ordinateur da kowane yaro a nan yake kiran kwamfuta da ita, wani farfesa ne ya ba da shawararta a 1955 da kamfanin IBM ya nema. Ba duk abin da suka ƙirƙira ne ya kama ba. Abokina da bakinsa kwamfuta yake cewa, duk da akwai rayane a littafi, Faransawa kuma da yawa ba sa cewa courriel in suna nufin saƙon imel. Amma ko rabi ne ya kama, rabin ya isa a rubuta littafin aji.

Mu majalisarmu ta gaskiya rediyo ce. Tun da BBC ta buɗe sashen Hausa a 1957, masu fassarar labarai ne suke ƙera mana kalmomi cikin gaggawa, labari na jiran su. Daga irin wannan aiki muka samu tauraron ɗan'adam, da 'yan sama jannati, da jirgi mai saukar ungulu. Wa zai ce waɗannan ba su kai na kowace ƙasa kyau ba? Tsohuwa a Maradun ta san tauraron ɗan'adam. Sai dai mai fassarar labarai ba malamin fiziks ba ne, ba aikinsa ba ne ya raba nauyi gida biyu. Masana harshe a jami'o'inmu, musamman na Bayero a Kano, sun yi ƙoƙari wajen ƙamus da keɓaɓɓun kalmomin nazarin harshe da adabi. Abin da ya rage shi ne masu kimiyyar kansu su shigo. Akwai Jami'ar Tarayya a Gusau tun 2013, akwai kwalejin kimiyya da fasaha a Ƙaura Namoda, akwai jami'ar kimiyya a Aliero ta Kebbi. Malaman fiziks nawa ne a cikinsu suke Hausa a gida, da Hausa suke mafarki, amma ba su taɓa zama da malamin sashen Hausa da wani malamin zaure sun ce yau sai mun tsayar da kalma goma ba? Ni ma ina cikin masu wannan alhaki.

Na san abin da za a ce mini, domin ƙanena, wanda ke koyar da fiziks a wata sakandare a Gusau, ya riga ya faɗa mini ta waya. Ya ce, "Yaya, kana can cikin sanyi kana zancen kalmomi. Mu nan yaran ƙauye ba su iya zuwa makaranta saboda 'yan bindiga, ɗakin gwaje-gwaje babu ko batir, jarrabawa kuma da Turanci za a yi ta." Ban musa masa ko ɗaya ba, kuma zuciyata tana ƙuna a kan abin da ke faruwa a gida fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma na tambaye shi, in ya rubuta darasi da Turanci a allo yara suka yi shiru, da wane harshe yake sake bayani? Ya ce da Hausa mana. Kenan ana koyar da fiziks da Hausa a Zamfara kowace rana, sai dai a ɓoye, ba littafi, kowane malami da kalmomin da ya ƙago da safe ya manta da yamma. Ban ce a jefar da Turanci ba, da shi nake buga sakamakon bincikena, abokina ma haka. Maryam Mirzakhani, mace ta farko da ta ci babbar lambar lissafi ta duniya a 2014, a Tehran ta yi karatu har digirin farko kafin ta tafi Amurka. Farawa da harshen gida bai tare mata hanya ba.

Akwai kuma 'yan'uwanmu na tsallaken iyaka. Yaro a Shinkafi da ɗan kawunsa a Maraɗi harshe ɗaya suke yi, tuwo ɗaya suke ci, amma in aka zo kimiyya ɗaya Turanci ɗaya Faransanci, ba mai iya taimakon wani da aikin gida. Na ga haka a nan Tulus da ɗalibai 'yan Nijar. Mu yi hirar duniya da Hausa har dare, da zarar an zo kan aiki sai mu koma harshen masu gari. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In ba a samu kalmomin kimiyya da ɓangarorin biyu suka yarda da su ba, za mu wayi gari da Hausar kimiyya iri biyu, ɗaya cike da Turanci ɗaya cike da Faransanci.

Kada kuma wani ya ɗauka nisbiyya zancen taurari ne kawai da ba ruwan talaka da shi. Taswirar da ke cikin wayar direban da ke ɗaukar fasinja daga Gusau zuwa Sakkwato da ita take aiki. Agogunan da ke cikin taurarin ɗan'adam na GPS, masu nuna wa waya inda take, suna gaba da na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan a kowace rana: gudun da suke yi yana rage musu 7, nisansu da ƙasa yana ƙara musu 45. In ba a gyara wannan ba, kuskuren wuri zai riƙa taruwa da kusan kilomita 10 kullum.

Watan jiya na tura wa ƙanen nawa kalmomi 12 a WhatsApp, kowace da takwararta ta Farisanci da ta Faransanci da dalilin da ya sa na zaɓe ta, na roƙe shi ya gwada su a aji. Ya ce rijiya gaba dubu ta kama nan take, har wata yarinya ta tambaye shi ko haske ma guga ne da igiyarsa ta gaza, ya ce tun da ya fara koyarwa ba a taɓa yi masa tambaya irin wannan ba. Taƙaitacciya da gama-gari ma sun zauna. Inda muka saɓa shi ne kan abin nan da ba ya raguwa a buhun gero. Ni na ce mu bi Iraniyawa mu ce jirmi, tunda malamanmu sun san kalmar a littattafan Larabci. Shi ya ce yara ba su ji ta ba, ya fi son ƙunshi, domin abin da jiki ya ƙunsa ake nufi. Na ce ƙunshi zai sa 'yan mata su tuna lalle. Ya ce zai kai wa Inna kalmomin biyu ranar Juma'a, wadda ta gane ba tare da an yi mata bayani sau biyu ba ita za mu rubuta.